Darasi: Idan Manhaja Ta Ce "Na Sallama", Me Ya Hau Kanta?

Assalamu alaikum, masu kallo, barkanmu da warhaka. Ku gyara zama, darasin yau yana da ɗan nauyi, saboda haka daga kasuwa za mu faro shi.

Ka je kara sayen rago, ka taya, mai rago ya ce "albarka". A nan wurin ba addu'a yake yi maka ba, cewa yake tayinka bai kai ba. In kuwa ya ce "na sallama", ciniki ya faɗa, rago ya zama naka, kuɗi ya hau kanka. Da baki kawai ya yi wannan aikin. Wani masanin falsafa na jami'ar Oxford, John Austin, shi ya fito da batun fili a laccocinsa da aka buga a 1962, cewa wata maganar aiki ce da kanta. John Searle ya faɗaɗa shi a 1969.

To, masana kwamfuta suka ɗauko wannan tunani lokacin da suke son manhajoji masu cin gashin kansu, waɗanda muke kira wakilai, su riƙa magana da juna. A farkon shekarun 1990 aka fitar da wani harshe na musayar saƙo tsakanin wakilai mai suna KQML a Amurka, da kuɗin DARPA, hukumar bincike ta ma'aikatar tsaron ƙasar. Ya yi tashe, sai dai ba a ƙayyade ma'anar kalmominsa sosai ba, kowane mai rubuta manhaja da irin fahimtarsa. Wasu masana biyu, Cohen da Levesque, ma sun soke shi a 1995, suka ce ko kalmar ɗaukar alkawari babu a ciki. A 1996 aka kafa FIPA, ƙungiyar tsara wa wakilai ƙa'idoji, a Janeba, ta fitar da nata harshen mai nau'in furuci 22, kowanne da ma'anarsa a rubuce cikin alamomin mandiƙi, wato ilimin ƙa'idojin kafa hujja.

Ku dubi allo. Mu ɗauki furuci ɗaya, sanarwa, wanda a harshen ake rubutawa "inform". Wakili A zai sanar da wakili B cewa buhun masara ya ƙare a sito. FIPA ta gindaya sharuɗɗa kafin A ya buɗe baki. Dole shi A ɗin ya yarda a ransa cewa masarar ta ƙare. Sannan kada ya zamana yana ganin B ya riga ya sani, ko yana da wani zato a kan batun. In B na cikin kokwanto ne, akwai wata kalma daban ta tabbatarwa, ita za a yi amfani da ita. Abin da ake sa ran zai biyo baya shi ne B ya gaskata. Ku lura, sa rai na ce. Ba a tilasta wa B yarda ba, tunda shi ma gashin kansa yake ci.

A takarda abin gwanin sha'awa. Amma ku tambayi kanku, wa zai leƙa cikin A ya ga ko da gaske ya yarda? Idan ni na rubuta A, wani kamfani a wata ƙasa ya rubuta B, ba ni ganin cikin nasa, ba ya ganin cikin nawa. Wataƙila ma A ɗin babu wani abu a jikinsa da za ka nuna ka ce ga "yarda" nan, 'yan layuka ne na in kaza ya faru yi kaza. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji Hausawa, to manhaja ko fuskar ba ta da ita. Masanin kwamfuta Michael Wooldridge ya yi rubutu a kan wannan matsala: ƙa'idar da ba yadda za a yi a gane an karya ta, yaya za a ce wani ya bi ta? Ni a ganina nan ne FIPA ta yi tuntuɓe, duk da cewa IEEE, ƙungiyar injiniyoyin lantarki da kwamfuta, ta karɓe ta a 2005, kuma JADE, manhajar ƙera wakilai da aka gina a Italiya, ta yaɗa harshen sosai. Mutane sun ɗauki siffar saƙon, suka bar mandiƙin a takarda.

A 1998 wani masanin kwamfuta, Munindar Singh, ya kawo wata hanya. Ya ce a daina tonon zuciya, a ɗora ma'ana a kan alkawarin da furuci ya jawo a bainar jama'a. Alkawarin yana da ƙafa huɗu: wanda ake bi, mai bi, sharaɗi, da abin da za a cika. Mu koma kara. "Na sallama" na nufin mai rago ya ɗaukar wa mai saye alkawari, in kuɗi ya shiga hannu, rago zai fita. Ko yana so a ransa ko ba ya so, ba ruwan dillali da shaidu. Kuɗi ya shiga, rago bai fita ba, an saɓa, kuma duk wanda ya duba jerin saƙonnin zai gani. Ana iya cika alkawarin, mai bi na iya yafewa, ana iya miƙa shi ga wani ya cika, duk a fili.

Gwada wannan hanya ta alkawari a kan tsarin neman 'yan kwangila da Reid Smith ya fitar a 1980, wanda FIPA ma ta ɗauka. Wakili ɗaya ya yi shela yana neman mai ɗaukar kaya, ya sa wa'adi. Wasu su taya, wasu su ce ba za su iya ba. Wanda ya taya bayan wa'adi, an ƙi tayinsa kai tsaye. Wanda aka karɓi nasa kuwa, alkawari ya kama shi, sai ya dawo da rahoton ya gama ko ya kasa.

Ga aikin gida. Ku ɗauki "albarka" ku rubuta ta da ƙafafun nan huɗu. Shin sabon alkawari take haifarwa, ko kuwa tayin mai saye take warwarewa? Sannan in mai saye ya juya zai tafi, mai rago ya ƙwala masa kira ya ce "kawo kuɗin", tsohon tayin nan yana nan da ransa? Da wannan tambayar za mu buɗe darasi na gaba. Sai an jima.