Waya a Ƙasa Mai Tsarki: ta ina kuɗin kati ke tsiyayewa?

Assalamu alaikum. Jirgi ya sauka a Jidda ko Madina, maniyyaci ya kunna waya don ya shaida wa mutanen gida an iso lafiya. Sabis ya kawo, amma sunan da ke saman wayar ba wanda ya sani ba ne. STC ne, ko Mobily, ko Zain. Kafin a kai masauki, katin naira 5,000 da ya loda a sansanin alhazai ya ƙare, alhali ko gaisuwa bai yi da kowa ba. Ina kuɗin suka tafi?

Abin da ya faru shi ake kira romin. Kamfanin layinka, ko MTN ne, ko Airtel, ko Glo, ko Moov na Nijar, ba shi da turakun sabis a Saudiyya. Sai ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin can, ya ce ga baƙona nan, ka sauke shi. Kamar bafataken da ya sauka gidan mai masauki ne: za a ba shi wuri, amma akwai la'ada. Kamfanin can ya caji kamfaninka, kamfaninka ya ɗora nasa, ya cire a katinka.

Abu na farko da ke ba mutane mamaki shi ne, a romin ko kai aka kira, kana biya. A gida mun saba mai kira ne ke biya. A can kuwa, ɗanka da ya kira ka daga Zariya kuɗin kiran cikin gida kawai ya biya, tunda lambar gida ya buga. Ɗauko kiran daga Najeriya zuwa Makka kuma, a wuyanka yake. Don haka doguwar gaisuwar nan ta yaya hanya, yaya gajiya, bari in ba ka Goggo, duk a katinka take sauka. Karɓar saƙon tes ne a mafi yawan layuka ba a caja, kuma ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Amma babbar ɓarakar data ce. Datar wata da ka saya a gida ba ta tsallake iyaka. Da zarar wayarka ta shiga intanet a ƙasar waje, sai a koma cirar kuɗi kai tsaye daga kati, a farashin da ya fi na gida nesa ba kusa ba. Kuma waya ba ta jiran izini. Tana cikin aljihu, WhatsApp na sauke bidiyon da aka turo a zaurukan dangi da na unguwa tun kana sama. Hotunan da ka ɗauka a filin jirgi suna hawa ma'ajiyar Google. Manhajoji na sabunta kansu. Wannan ne ke cinye katin mutumin da bai taɓa wayarsa ba.

Maganinsa maɓalli ɗaya ne, kuma tun a gida ake taɓa shi. Ka shiga saitin waya, wajen sim da sabis, ka nemi inda aka rubuta Data roaming, ka kashe. Layinka zai ci gaba da karɓar kira da saƙo, amma ƙofar intanet ta rufu. Ka kuma buga ##002# don soke karkatar da kira, saboda a wasu layukan, kiran da ba ka ɗauka ba idan ya wuce akwatin saƙon murya, ana lissafa shi a kanka.

Wasu sukan ce to ai sai a cire sim ɗin gida gaba ɗaya. Ni ban ba da wannan shawara ba. Alat na banki a kansa yake shigowa, haka lambar sirrin da banki ke turowa idan za ka tura kuɗi. Ranar da guzuri ya yi ƙasa kana son taɓa asusunka, ranar za ka san amfaninsa. A bar shi a waya, a hana shi data kawai.

Data kuma a sayi layin can. Kamfanonin nan uku, STC da Mobily da Zain, suna da shaguna a filayen jirgi da cikin Makka da Madina, kuma suna da tsarin baƙi na 'yan makonni. Za a nemi fasfo da biza, a ɗauki zanen yatsa. Don Allah kada ka sayi layin da aka riga aka yi wa rajista a hannun wani a bakin titi, kada kuma ka ɗora yatsanka don a buɗe wa wanda ba ka sani ba. Duk abin da aka aikata da layin, mai yatsa za a nema.

A nan wayoyinmu irin su Tecno da Infinix da itel sun yi mana rana, don kusan duk sim biyu suke ci. Ka sa na gida a ɗaya, na Saudiyya a ɗaya, sannan ka shiga saitin ka zaɓi na Saudiyya a matsayin na data da na kira. Mai iPhone daga XS zuwa sama yana iya ƙara layi na biyu ta eSIM, wato sim marar kati da ake saukewa cikin wayar, ba tare da cire komai ba. Wanda kuma Umara ta 'yan kwanaki ta kai shi, yana iya tambayar kamfaninsa tsarin datar romin kafin tafiya, ya ji farashi da ƙasashen da tsarin ya shafa.

Tambayar da Hajiyoyi suka fi yi ita ce, WhatsApp ɗina fa? Ba abin da zai same shi. Yana nan a kan lambarki ta gida ko da da datar wani layi kike amfani. Idan ya tambaye ki ko za ki canja lamba, ki ce a'a.

Data a wannan tafiya ba ta hira kaɗai ba ce. Izinin shiga Rauda a masallacin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ta manhajar Nusuk ake nemansa. Wanda ya ɓace a Mina, inda tantuna duk kama ɗaya suke, da waya zai tura wa jagoransa inda yake tsaye. Shi ya sa nake jin takaici in ga dattijo ya ƙarar da kuɗinsa a daren farko kan bidiyon da bai ma kalla ba. Manyan abubuwa, kamar tura bidiyo gida, a bari sai an samu waifai na masauki. Taswirar Makka da Madina kuma a sauke ta a Google Maps tun a gida, tana buɗewa ba data.

Ku 'ya'ya da jikoki, wannan aikinku ne. Kada ku miƙa wa Baba waya a filin jirgi ku ce Allah ya kiyaye hanya kawai. Ku zauna da shi kwana biyu kafin tashi. Ku kashe masa romin na data, ku hana WhatsApp sauke bidiyo da kansa, ku gyara lambobin gida su fara da +234, ko +227 ga mutanen Nijar, ko +233 ga na Gana, a cire sifilin farko inda yake, in ba haka ba kiran ba zai shiga daga can ba. Ku rubuta masa lambar jagoransa da sunan masaukinsa a takarda, ya sa a jakar wuya, don caji na ƙarewa a Arfa.

Mutanen bakin iyaka ma su lura. A Jibiya, ko Illela, ko Maigatari, waya na iya kama sabis ɗin Nijar kana tsaye a ƙasar Najeriya, haka na Birnin Ƙonni kan kama na wannan ɓangare. A irin wuraren nan, ka shiga zaɓin sabis ka zaɓi kamfaninka da hannu, kada ka bar waya ta zaɓa da kanta.

Ranar dawowa, jirgi na sauka, sai a mayar da data kan layin gida, masu layin Najeriya su buga *310# su ga abin da ya rage a kati. Allah ya sa a yi karɓaɓɓiya, ya dawo da ku lafiya.