Ya fi kowa nisa amma ya zo na biyu: yadda ake lissafin tsallen ƙanƙara a Oberstdorf

[Hoto: mai tsalle yana shawagi, ya dira, 'yan kallo na ihu]

Ku kalli wannan. Tsallen ƙanƙara ke nan: mutum ya ɗaura dogayen alluna a ƙafa, ya sulalo daga kan tudu mai dusar ƙanƙara, ya yi tsalle. Ya taso, ya yi shawagi, ya dira can ƙasa inda babu wanda ya kai. Fili ya ruɗe da ihu. Da allon maki ya fito, sai ga shi na biyu. Duk ƙarshen Disamba idan aka fara nuna gasar nan, sai ka ji masu kallo suna cewa an yi coge, alƙalai sun ci amana. Ku kwantar da hankali, jama'a. Lissafi ne, kuma yanzu za mu yi shi tare.

Amma tukuna, ina ne nan? Oberstdorf ke nan, wani ɗan ƙaramin gari a ƙarshen kudancin Jamus, cikin jihar Bavariya, dab da iyakar Ostiriya. Mutanen garin gaba ɗaya wajen dubu goma ne, amma ranar gasa filin nan yakan ɗauki fiye da dubu ashirin. Wato baƙi sun ninka masu gida.

[Tsofaffin hotuna baƙi da fari]

Tudun da kuke gani sunansa Schattenberg. An buɗe shi a watan Disamba na 1925, kuma a lokacin mita 35 ita ce bajinta. A 1953 aka soma Gasar Tuddai Huɗu: Oberstdorf da Garmisch-Partenkirchen a Jamus, sai Innsbruck da Bischofshofen a Ostiriya. Al'ada ta zama Oberstdorf ke buɗe fage kafin sabuwar shekara, a rufe a Bischofshofen ranar 6 ga Janairu. Garin ya karɓi gasar cin kofin duniya ta wasannin ƙanƙara irin na arewacin Turai sau uku, a 1987 da 2005 da 2021, ta ƙarshen ma ba 'yan kallo saboda korona. Tarihi ya isa haka. Mu koma kan rigimarmu.

[Zanen tudun daga gefe, da jan layi]

Kun ga jan layin nan? Ana kiran sa maƙurar K, kuma a wannan tudu yana kan mita 120. Duk wanda ya dira daidai kansa yana da maki 60. Kowace mita da ya ƙara, a ba shi maki 1.8, kowace mita da ya gaza, a cire masa 1.8.

Mu ɗauki misali da mutum biyu, na fari da na biyu. Na fari ya yi mita 135, makinsa 87. Na biyu ya yi 130, makinsa 78. Tazarar maki tara. Da a nan zancen ya tsaya, da masu cewa an yi coge sun yi gaskiya.

Sai dai akwai wani ɗaki can a gefen tudu, mai tagogi. Alƙalai biyar ne a ciki, kowanne na iya ba da har maki 20 na iya salo. Ana zubar da mafi yawa da mafi ƙaranci, saboda ko da wani ya so ɗan ƙasarsu ko ya tsani wani, hannunsa ba zai yi tasiri ba. Ukun da suka rage ake haɗawa. Me suke dubawa? Natsuwar jiki a sama, da yadda mutum ya ci gaba da sulalawa bayan ya sauka, da kuma uwa uba, dira.

[A rage gudun hoto a daidai dirar]

Ku lura da ƙafafunsa. Ɗaya gaba, ɗaya baya, gwiwa a ɗan lanƙwashe, hannuwa a buɗe kamar mai rangwaɗa. Wannan ita ce dirar Telemark, sunan wani yanki ne a ƙasar Norwe. To ga inda gizo ke saƙa: gwargwadon nisan da ka yi, gwargwadon yadda gangaren ke miƙewa ya zama shimfiɗe, sai dirar ta zama kamar ka faɗo daga kan katanga. Wanda ya wuce kowa sau da yawa da ƙafa biyu a haɗe yake sauka, yana tangal-tangal, ta ransa yake yi. A misalinmu, a ce na fari ya samu 17 sau uku, 51 ke nan, na biyu ya samu 19 sau uku, 57. Yanzu 138 da 135. Tazara ta dawo uku.

Saura iska, kuma nan ne mutane suka fi ruɗewa, don abin a juye yake. Kowa zai ɗauka iskar da ke tura ka daga baya ita ce alheri. A wannan wasa ita ce masifa, danne mutum take yi ƙasa. Wadda ke busowa daga gaba, tana hawowa gangaren, ita ke tallafe shi. Ku tuna shirwa idan ta buɗe fiffike ta fuskanci iska, ko motsi ba ta yi amma tana sama. Saboda haka tun wajen 2010 aka jera na'urorin auna iska a gefen tudu. Wanda iska ta yi wa gata a rage masa maki, wanda ta cuta a ƙara masa. A ce an cire wa na fari biyar, an ƙara wa na biyu huɗu. Sakamako: 133 da 139. Mai gajeren tsalle ya yi gaba.

Haka ma sandar da suke zama a kai kafin su sulalo. Idan aka sauko da ita ƙasa, gudu ya ragu, sai a biya mutum da maki. Ni dai ra'ayina, tsarin ya fi adalci, amma ya rage daɗin kallo, tunda sai ka jira kwamfuta kafin ka san ko za ka yi tafi.

[Hoton Jan Boklöv, alluna a buɗe]

Kuma kada ku ɗauka alƙalan nan ba sa kuskure. A shekarun 1980 wani ɗan Suwidin, Jan Boklöv, ya riƙa buɗe allunan ƙafarsa kamar harafin V maimakon ya jera su. Alƙalai suka ce abin ba kyan gani, suka dinga zabge masa maki. Nisan da yake yi ya rinjayi abin da suke cirewa, ya lashe kofin duniya na kakar 1988 zuwa 1989. Yau kowa haka yake tsalle.

A tudun Schattenberg, Sigurd Pettersen na Norwe ya kai mita 143.5 a 2003. Cinye duka tuddai huɗun a kaka guda kuwa, Sven Hannawald ne ya fara a 2002, sai Kamil Stoch a 2018, sai Ryoyu Kobayashi a 2019. Ɗan garin, Karl Geiger, ya ci gasar gida a Disamban 2020, ga shi kujeru wayam babu mai yi masa guɗa.

[Kyamara ta tashi sama, ta nufi kwarin Stillach]

Kilomita kaɗan daga gari akwai babban wan wannan tudu. Bayan an hana Jamusawa shiga wasannin Olamfik na hunturu a 1948, masu tsalle uku 'yan garin, Heini Klopfer da Sepp Weiler da Toni Brutscher, suka ce bari su gina nasu tudun wanda ya fi na kowa. Aka buɗe shi a 1950, yau sunan Klopfer yake amsawa. A nan Domen Prevc na Siloveniya ya yi mita 242.5 a 2022, tsawon filin ƙwallo biyu har da ɗoriya. Lissafin wannan tudu ya ɗan bambanta: maki 120 a maƙurar K, kowace mita kuma 1.2 kacal.

[Koren layi a kan dusar ƙanƙara]

Idan kuma lissafi ya gundure ku, ku bi koren layin nan. Shi ke nuna inda mai tsalle zai kai kafin ya ƙwace na ɗaya, an riga an sa iska da sanda a ciki, shi ya sa yake matsawa daga mutum zuwa mutum. Ga wani nan ya taso, ku sa ido a kan layin, sannan a kan ƙafafunsa.