Hutun Hunturu a Tromso: Yadda Karnuka Ke Jan Amalanke a Kan Dusar Ƙanƙara

Masu kallo, wannan gari da kuke gani shi ne Tromso, a arewacin ƙasar Norwe, kimanin kilomita 350 arewa da layin da ake kira da'irar Aktik, wanda a taswira yake zagaye ƙurewar arewacin duniya. Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu rana ba ta fitowa a nan ko kaɗan, sai dai wani haske mai shuɗi-shuɗi, irin na bayan asuba, da ke ɗaukar 'yan sa'o'i da tsakar rana. Duk da haka baƙi na tururuwa zuwa garin a wannan lokaci, wasu don ganin hasken nan kore da ke kaɗawa a sararin sama da dare, wasu kuma don hawa amalanken da karnuka ke ja.

Amalanken ba shi da taya. Yana zamewa ne a kan dogayen sanduna biyu da aka shimfiɗa a ƙarƙashinsa, kuma a kan jelar waɗannan sanduna direba yake tsayawa, yana riƙe da mariƙi, abokin tafiyarsa na zaune a gaba. Ba a amfani da linzami, ba a amfani da bulala. Abin da direba yake da shi muryarsa ce, da nauyin jikinsa, da birki na ƙarfe mai haƙora wanda yake takawa ya cusa cikin ƙanƙara. Dokar farko da ake gaya wa baƙo ita ce kada ya saki mariƙi ko da ya faɗi, domin karnukan ba za su tsaya jiransa ba.

Ku dubi yadda aka jera su. Na gaba su ne masu kaifin fahimta, waɗanda ke gane umarni su bi hanya; na kusa da amalanke su ne ƙarfafa, saboda a kansu nauyi yake fara sauka. Yawancinsu nau'in da ake kira haski na Alaska ne, sirara ne, ba su kai girman da mutum zai zata ba. Yayin da ake ɗaura musu igiya haushinsu kan cika wurin, suna tsalle suna fizga, amma da zarar an ɗaga birki sai tsit, ba ka jin komai sai numfashinsu da ƙarar zamewar amalanke. Za ka ga kare yana cikin gudu ya sunkuya ya ɗebi dusar ƙanƙara da baki don kashe ƙishirwa. Idan aka zo hawan tudu, direban kirki yakan sauko da ƙafa ɗaya ya tura, ko ya yi gudu yana taya su. A ganina wannan ne ya fi komai daraja a tafiyar, domin a nan ake gane cewa aikin na haɗin gwiwa ne. Shi ya sa ya kamata baƙo ya tambayi yadda ake ciyar da karnukan da hutar da su, har a watannin da babu baƙi, kafin ya biya kuɗinsa.

Wannan sana'a tana da tarihi a ƙasar. Da karnuka ne Roald Amundsen, ɗan Norwe, ya kai ƙurewar kudancin duniya a Disambar 1911, kuma tun 1981 ake tseren amalanken karnuka mai suna Finnmarksløpet daga garin Alta, wanda doguwar hanyarsa ta kai kilomita 1,200.

Game da sanyi, ruwan teku mai ɗumi yana sassauta wa Tromso, amma a cikin tsaunuka yakan kai digiri 20 ƙasa da sifili. A sa tufafin ulu a jikin fata, a guji auduga, domin tana riƙe gumi ta sanyaya mutum. Waya kuma a ajiye ta a aljihun ciki, in ba haka ba batirinta ya mutu da wuri.

Akwai kuma tafiya da faffaɗan takalmin ƙanƙara, da ziyarar makiyayan ƙabilar Sami masu kiwon wata irin barewa, inda ake zama a tantinsu mai tsini, ana jin ɗumin wuta ana shan romo. Musulmin da zai je kuwa, garin yana da masallacin Alnor, kuma a kwanakin da rana ba ta fitowa jama'arsa suna bin lokutan sallah na Makka.