Me ya sa bai sa hannu ba? Takardar da ta raba kan masu kallo

[Hoto: ƙofar masana'anta, ma'aikata na fitowa]

Tun daren da aka haska wannan kashi na fim, inda ma'aikacin masana'anta ya ƙi sa hannu a takardar da manaja ya miƙa masa, wayata ba ta huta ba. A Yelwa da Rumde Ajiya, unguwannin Garwa a nan Kamaru, har da 'yan garin Marwa, kowa da abin da yake faɗa. Wai mutumin nan wawa ne. An miƙa masa ambulan da kuɗi, an ce sa hannu ka ɗauka, ya ture biro ya fita. Wata hajiya ta turo mini murya ta minti huɗu, ta ce ita da matarsa ce da ranar bai ci tuwo ba.

To Hajiya, a yi haƙuri a zuba masa tuwon, har da ƙarin miya.

Ni kaina wannan shirin ya kama ni, kuma ba don kuka ko faɗan kishiyoyi ba. Unguwar ce. Ku dubi mai shayin nan da littafinsa na bashi, yadda yake lasar yatsa ya buɗe shafi, ya kalli mutum, ya rufe bai ce komai ba. Ku dubi magidancin da yake saka kayan aiki kowace safiya ya fita, alhali an sallame shi tun makon jiya, ya je ya zauna a gindin dalbejiya har la'asar. Wanda ya zauna a Garwa ya san irin wannan zaman.

Amma takardar muka zo.

[A tsayar da hoton daidai kan takardar]

Ku duba da kyau. Ba takardar sallama ba ce. An rubuta ta ne da sunan ma'aikacin, yana cewa shi da kansa ya ajiye aiki. A nan mutane suka ruɗe, don a ido duk ɗaya ne: jiya kana da aiki, yau ba ka da shi. A doka kuwa tsakaninsu akwai tafiyar kwana da kwanaki. Ba a nan aka shirya fim ɗin ba, amma bari mu auna shi da dokar ƙwadago ta Kamaru, wadda aka sa wa hannu ranar 14 ga Agustan 1992, tunda ita ce za ta hau kanmu.

Idan mai gida ne ya sallame ka, ba ka yi wani babban laifi ba, kuma ka cika shekara biyu a wurin, akwai kuɗin sallama, abin da ake rubutawa *indemnité de licenciement*. Ba kyauta ba ce, ba tausayi ba ne, lissafi ne. Ana ɗaukar matsakaicin albashinka na wata. Shekara biyar na farko, kowace shekara kashi 20 cikin 100 na wannan albashin. Daga ta shida zuwa ta goma, kashi 25. Daga ta 11 zuwa ta 15, kashi 30. Haka yake hawa, 35, har 40 ga wanda ya wuce shekara 20.

[Allo: lissafi]

Mu ce mutumin namu sefa 100,000 yake ɗauka, kuma ya yi shekara 12. Biyar na farko, 100,000. Biyar na biyu, 125,000. Biyun ƙarshe, 60,000. Jimilla 285,000. Ba mu gama ba. Akwai wa'adin da dole a ba shi kafin a sallame shi. Ga ƙaramin ma'aikacin da ya haura shekara biyar, wata biyu ne. Idan an ce tafi yau, sai a biya shi albashin waɗannan watannin, 200,000. Ka ga 485,000 ke nan, ban da kuɗin hutun da bai ci ba.

Yanzu a juya. Ya sa hannu cewa shi ya ajiye. Kuɗin sallama ya tashi. Wa'adin nan kuma ya koma wuyansa, shi ne zai ba mai gida. Ambulan ɗin da manaja yake turowa a hankali da yatsa biyu, ku ƙiyasta kaurinsa da idonku, ku gaya mini ko ya kai.

Wani zai ce ai tilasta shi aka yi, sai ya kai ƙara. Ana iya kaiwa, amma ga sa hannunka ɓaro-ɓaro a ƙasan takarda, kai ne za ka nemo hujjar cewa matsa maka aka yi, a ofishin da ku biyu ne kawai da fanka.

Sauran da sauri. Idan kamfani zai rage ma'aikata saboda kasuwa ta karye, doka ta ce sai ya zauna da wakilan ma'aikata a gaban sufeton ƙwadago a nemi wata mafita, kamar rage awowi, kuma tattaunawar ba ta wuce kwana 30. Wanda aka sallama ta wannan hanya yana da fifiko na shekara biyu idan kamfanin ya dawo ɗaukar mutane. Idan rigima ta taso, ofishin sufeton ake fara zuwa don sulhu kafin kotu. Masu cewa CNPS, hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, za ta riƙa ba shi wani abu duk wata har ya samu aiki kuwa, a'a. CNPS fansho ce, da kuɗin iyali, da haɗarin aiki. Babu kuɗin zaman kashe wando a cikinta.

[Hoto: ya dawo gida, matarsa na tankaɗe]

Abin da ya fi burge ni ma ba ƙin sa hannun ba ne. Wannan shigowar ce. Ya tsaya a bakin ƙofa, ta ɗago ta kalli hannunsa, babu leda. Ba ta tambaya ba, ta dai ce, “Malam, ruwa na bayi.” Sau uku na mayar da wurin baya.

Hajiya, idan kin ga wannan, ina jiran sabuwar murya. A taƙaita ta zuwa minti biyu.