Leƙen cikin Linux ba tare da an taɓa rijista ba: jawabi a taron ƙungiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban ƙungiya, dattawanmu, iyayenmu mata, 'yan'uwa maza da mata, barkanmu da warhaka. Sakatare ya ba ni minti goma in faɗi abin da nake yi a wurin aiki, don yaranmu masu karatun kwamfuta a ƙasar nan su ji daga bakin nasu. Ranka ya daɗe shugaba, in na zarce a ɗaga mini hannu.

Aikina a cikin ƙwayar Linux yake, wadda masu sana'ar ke kira kanel. Ita ce tsakanin manhajoji da ƙarfen na'ura, kuma duk mai wayar Android a ɗakin nan yana ɗauke da ita a aljihu. Cike take da dubban guntayen ayyuka masu suna, fankishin muke ce musu, wannan ya aiki wancan, wancan ya aiki na gaba. In na'ura ta fara nauyi ko sandarewa, sai mu so sanin wa ya kira wa, da wane saƙo. Abin da muke leƙawa da shi sunansa ftrace. Steven Rostedt ne jagoransa, ya shiga Linux a 2008.

To, ga inda gizo ke saƙar. Firosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar mai yin lissafi, tana da 'yan gurabe a jikinta inda take riƙe lambobin da take aiki da su a daidai wannan lokacin, su ne rijista. Ba su da yawa. Firosesar Intel da AMD mai tsarin x86-64 tana da 16 na aikin yau da kullum, ta arm64 da ke cikin wayoyi tana da 31. Kuma akwai ƙa'ida: a x86-64, mai kiran fankishin zai zuba saƙonni shida na farko a rdi, rsi, rdx, rcx, r8 da r9, amsa ta dawo a rax. A arm64 saƙonnin na zama daga x0 zuwa x7.

Shi ftrace a bakin ƙofa yake tsayawa. Tun lokacin harhaɗa kanel ake barin gurbin bayit 5 a farkon kowane fankishin na x86-64, a cike shi da umarnin da ba ya yin komai. Ranar da ka kunna bibiya, sai a mai da gurbin ya zama kira zuwa wurin mai leƙe. Ku duba lokacin da kyau: mai aike ya riga ya zuba saƙo a rijista, wanda aka aika wa bai kai ga karɓa ba, sai ga baƙo ya ratso tsakani. Baƙon nan shi ma manhaja ne, da waɗannan rijistar zai yi nasa lissafin. Dole ya kwafe abin da ya tarar, ya ajiye a gefe, ya gama, ya mayar da kowace lamba gurbinta. Ya manta guda ɗaya, fankishin ya karɓi adireshin da ba shi aka ba shi ba, ya je ya yi rubutu a memorin wani. Wani lokaci na'urar ba za ta faɗi nan take ba, sai can gaba, a wurin da ba ruwansa.

Gardamar da aka daɗe ana yi ita ce, nawa za a ajiye? Mai saurin magana zai ce a ajiye duka a huta. Amma fankishin ɗin da ake kira ba adadi a cikin daƙiƙa guda, kowane ƙarin kwafi nauyi ne, har mai leƙen ya zama shi ne cutar da ya zo nema. Shi ya sa x86-64 ke da ƙofa biyu: ftrace_caller mai ajiye kaɗan, da ftrace_regs_caller mai cike wani babban tsari da ake kira pt_regs.

Wannan pt_regs ɗin ba don ftrace aka ƙera shi ba. Na lokacin da aka katse firosesa ne ta bar abin da take yi, a ɗauki hotonta cikakke. Wani tsohon kayan bibiya, kprobes, haka yake samun nasa: a x86-64 ya dasa bayit guda, 0xCC, firosesa ta taka ta tsaya cak, ya sami hoto na gaskiya. Da aka so kprobes ya bi ta ƙofar ftrace saboda ta fi sauri, sai ya zama dole ftrace ya kwaikwayi wannan hoton. Haka ma facin kanel tana cikin aiki, wanda ya shigo da Linux 4.0 a 2015: dabararsa ita ce ya sauya adireshin umarni na gaba a cikin abin da aka ajiye, in an dawo a faɗa sabon fankishin a bar mai matsalar.

A x86-64 kwaikwayon ya tafi daidai gwargwado. A arm64 ne ramin ƙarya ya ƙure. Can adireshin komawa, wato inda za a dawo in fankishin ya gama, a rijistar x30 yake, kuma umarnin kira da kansa yana goge shi, don haka gurbi biyu ake bari: na farko ya kwafe x30 zuwa x9, na biyu ya yi kiran. Wannan an warware shi da kyau, ina ma sha'awar dabarar. Amma akwai yanayin firosesa, pstate, wanda ba a samunsa yadda ya kamata sai an katse ta da gaske. Sai ga pt_regs mai gurbi amma ba kowa a ciki.

Ni nan ya taɓa cizona. A wani kamfani da na yi wa aiki, na rubuta ɗan kayan bibiya, na karanta wannan gurbin don in san ko an toshe katsewa a lokacin kiran. Lamba ta fito tsaf, mai kama da gaskiya. Kwana uku ina zargin direban wata na'ura, wato manhajar da ke tuƙa ta, ashe ragowar abin da wani ya bari a memori nake karantawa. Ba wanda ya yaudare ni da gangan, sunan tsarin ne ya yi alkawarin da cikinsa bai cika ba.

Maganin da aka kawo shi ne ftrace_regs. Ba ka buɗe shi da hannunka, tambaya kake: ba ni saƙo na biyu, ba ni adireshin umarni. In ka nemi cikakken pt_regs alhali ba a ajiye ba, sai a ce maka babu. Daga Linux 6.2, a 2023, arm64 ta koma wannan hanyar ta daina kwaikwayo. Da na gwada tsohon kayana a sabuwar kanel, a minti na farko ya faɗi, kuma saƙon faɗuwar ya nuna mini layin da na yi kuskure. A ganina wannan shi ne daidai, ko da yake masu tsofaffin kayan da suka saba da pt_regs sun sha aikin gyara.

Akwai kuma ɓangaren fita, inda function_graph, wani sashen ftrace, ke musanya adireshin komawa don ya ga ƙarshen fankishin, can rax da rdx ne amanar. Na ga shugaba ya fara duba agogo, wannan sai wani zaman.

Yaranmu, wanda ke da Linux a kwamfutarsa, ya shiga /sys/kernel/tracing da izinin mai gida, wato root, ya rubuta function a cikin current_tracer, ya buɗe trace ya ga yadda layuka ke zuba. In zai fara rubuta nasa kayan, ya yi a kwamfutar gwaji, kada ya yi a wadda aikin makarantarsa ke ciki. Ina nan bayan taro ga mai tambaya. Na gode, wassalamu alaikum.