Bayan Farfesa Ya Miƙa Makullin Ofis

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake haɗuwa.

A jami'o'in Najeriya, farfesa yana yin ritaya ne idan ya cika shekara 70. Da can 65 ce iyaka. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ce ta matsa, maganar ta shiga yarjejeniyarta da gwamnatin tarayya ta 2009, sannan a 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan dokar da ta ƙara wa masu rukunin farfesa shekara biyar. Hujjar a fili take: kafin a samu farfesa ɗaya an ci shekaru masu yawa da dukiya mai yawa, ga shi kuma ba su wadata ba, to don me za a sallame su da sauran ƙarfinsu?

Sai dai ko 70 ɗin ma tana zuwa. A yi taron ban kwana, tsofaffin ɗalibai su tattara maƙalu a buga littafin karramawa, a ci a sha a watse. Malam ya miƙa makullin ofis, idan a gidan jami'a yake zaune ya fara ɗaure kaya. To washegari da ƙarfe takwas na safe, ina ya nufa?

Wasu ba sa zuwa ko'ina, domin jami'ar ce ke riƙe su da muƙamin Farfesa Emeritus. Wannan ba kowa ake ba shi ba. Sashe ne ke gabatar da sunan mutum, majalisar malamai ta duba abin da ya rubuta da ɗaliban da ya yaye, sannan hukumar gudanarwar jami'a ta amince. Ba albashi ake biyan sa ba, kuma ba zai ƙara zama shugaban sashe ko na tsangaya ba. Abin da yake samu galibi shi ne ofis, da damar shiga laburare, da izinin ci gaba da duba ɗaliban manyan digirori. Wani zai ce wannan ai ba komai ba ne. A ganina shi ne kusan komai, domin malamin da ke da teburi da ɗalibai bai bar aiki ba, tarurrukan kwamiti da sa hannu a takardu kawai aka sauke masa.

Ku leƙa ɗakin da ake kare kundin digirin digirgir ku gani. Sau da yawa mai jarrabawa na waje, wanda aka gayyato daga wata jami'a, dattijo ne irin wannan. Zai zo da kundin a hammata, ya naɗe kusurwar shafuka, ya bi su da jan biro. Ba ya ɗaga murya. Sai ya gyara tabarau ya ce, "Ɗana, buɗe shafi na tamanin. Wannan maganar da ka jingina wa malam wane, kai ka karanta ta da idonka, ko a wurin wani ka tsinta?" Nan take gumi ya karyo wa ɗalibi, domin mai tambayar ya san littafin, wataƙila ma ya zauna da marubucin. Irin wannan ido ba a samun sa a shekara goma.

Marigayi Farfesa Umaru Shehu na Maiduguri misali ne na kusa. An haife shi a 1930, likita ne masanin kiwon lafiyar al'umma, ya shugabanci Jami'ar Najeriya da ke Nsukka daga 1978 zuwa 1980, daga baya ya zama Emeritus a Jami'ar Maiduguri. Lokacin da aka shiga ruɗani kan allurar rigakafin shan inna a Arewa a 2003, har wasu jihohi suka dakatar da ita, yana cikin manyan likitocin da suka tsaya kan gwajin maganin da yi wa jama'a bayani. Ya haura 70 a lokacin. Furfurarsa ta yi aiki a nan, domin mutane sun fi sauraron wanda suka san ba kujera yake nema ba. Ya ci gaba da shugabantar hukumomin lafiya da shiga al'amuran dattawan Borno har ya rasu a watan Oktoban 2023 yana da shekara 92.

Wasu kuma sabuwar jami'a ce ke ɗaukar su kwantiragi. Tun da aka fara ba jami'o'i masu zaman kansu lasisi a 1999, yawansu ya haura 100, ga na jihohi da na tarayya da ake ta buɗewa. Hukumar kula da jami'o'i ta NUC ba ta amincewa da kwas sai ta ga manyan malamai a sashen, sabuwar jami'a kuwa ba ta da lokacin renon nata. Sai ta nemi wanda ya riga ya nuna. Idan an yi abin da gaskiya kowa ya amfana: dattijo ya tsara manhaja, ya horar da ƙananan malamai, ya samu abin cefane. Inda ake ɓata shi kuwa shi ne a ari sunan mutum don ranar tantancewa kawai, ɗalibai ba su taɓa ganin fuskarsa ba.

Gwamnati ma ba ta barin su su huta. A 2020, a ci gaba da aikin sake duba yarjejeniyar 2009 ɗin nan, Farfesa Emeritus Munzali Jibril, tsohon shugaban NUC, aka ba jagorancin kwamitin, bayansa kuma a 2022 aka ɗauko Farfesa Emeritus Nimi Briggs, a shekarar da ASUU ta yi yajin aikin wata takwas. Farfesa Ango Abdullahi, tsohon shugaban Jami'ar Ahmadu Bello, shi ta Ƙungiyar Dattawan Arewa aka ci gaba da jin muryarsa.

Akwai kuma waɗanda sai bayan ritaya suke samun sukunin rubutu. Farfesa Paul Newman, Ba'amurken da ya yi aiki a Kano a shekarun 1970 a kwalejin da ta zama Jami'ar Bayero, an haife shi a 1937. Yana da shekara sittin da 'yan kai ya koma aji ya karanci lauya, ya gama a 2003. A 2020 shi da matarsa Roxana suka fitar da ƙamusun Hausa da Turanci a maɗaba'ar Jami'ar Bayero, a 2022 kuma ya fitar da littafi kan tarihin harshen Hausa.

A Amurka ma tun daga 1994 doka ta hana tilasta wa farfesa ritaya saboda shekaru. Batirin wayar da kuke kallon mu da ita yana da alaƙa da wannan batu. John Goodenough, ɗaya daga cikin waɗanda suka samar da batirin litiyam, ya bar Jami'ar Oxford ta Ingila a 1986 da ya ga shekarun ritaya sun ƙarato, ya koma Jami'ar Texas. Can ya ci gaba da zuwa ɗakin gwaji, ya karɓi kyautar Nobel a 2019 yana da shekara 97, ya rasu a 2023 yana da 100 cif.

Kada dai mu ɗauka kowa haka yake. Waɗanda muka lissafa sun samu lafiya, sun samu wurin zama, ba sa tunanin kuɗin magani. Dokar 2012 ta tanadi cewa farfesan da ya yi aiki har zuwa shekarun ritaya zai karɓi fansho daidai da albashinsa, amma 'yan ASUU sun daɗe suna kukan cewa abin da ke shiga aljihu bai kai abin da ke takarda ba, shi ya sa ma suka dage har aka kafa wa ma'aikatan jami'o'i kamfanin fansho nasu, NUPEMCO. Ga hauhawar farashi ta cinye darajar kuɗin. Dattijon da ke zaryar neman haƙƙinsa ba shi da natsuwar zama ya rubuta babi. Da yawa sukan koma gida ne kawai: tattaki bayan sallar asuba, 'yar gona ko kiwo, kwamitin masallaci ko na coci, sasanta rigimar aure da ta gado, rubuta wa matasan unguwa takardar shaida. Wannan ma aiki ne, ko da ba a buga shi a mujalla.

Akwai aiki ɗaya da ake yawan mantawa, kuma babu mai iya yin sa sai su. A gidajen tsofaffin malaman tarihi, harshe da adabi akwai kwalaye cike da littattafan rubutun hannu na binciken da suka yi a ƙauyuka, da hotuna, da kaset-kaset na hira da mawaƙa da masu sarauta da malaman zaure waɗanda duk sun riga mu gidan gaskiya. Gara da ƙura da damshin damina ba sa jira. Wuraren ajiya akwai su, irin su Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda Farfesa Abdullahi Smith ya assasa a 1970 a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, da laburaren jami'o'in kansu. Amma kai kwali a ajiye bai wadatar ba. Sai mai kayan ya zauna da wani ɗalibi, a ɗauko su ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi wane ne ke magana, a wane gari, a wace shekara, a rubuta a jiki. Kaset ɗin da ba shi da wannan bayani, ko an mayar da shi cikin kwamfuta, babu ɗalibin da zai iya kafa hujja da shi a kundinsa.