Gundumar da aka ƙidaya mutum 64 kacal a cikinta a 2020

Habu: Jama'a barkanmu da warhaka. Yau yammacin jihar Texas ta Amurka muka nufa, bakin iyakarta da New Mexico. Akwai wata gunduma a can ana ce mata Loving, faɗinta ya haura murabba'in kilomita 1,700. Zainab, cinka mini, mutum nawa ne a ciki?

Zainab: Tunda karkara ce, in ce dubu goma.

Habu: 64.

Zainab: Dubu 64?

Habu: Mutum 64, a ƙidayar 2020. Duk faɗin Amurka babu gundumar da ta kai ta ƙarancin jama'a a wannan shekarar.

Zainab: Haba Yaya Habu! Ai 'yan rakiyar amarya ma sun fi haka. Me ya kori mutane?

Habu: Ba a taɓa cika ta ba ai. Ko a ƙidayar 1940, wadda ta fi kowace ƙidaya nuna yawan jama'a, ba su kai 300 ba. Hamada ce, ruwan sama kaɗan. Kogin Pecos ya bi ta gefenta, amma ruwansa zartsi ne, na rijiya ma haka. Shekara da shekaru a tanka ake ɗebo musu ruwan sha daga nesa.

Zainab: To makaranta fa?

Habu: Babu. Yaran sai su tafi garin Wink, a gundumar da ke maƙwabtaka. Amma hedikwata akwai, Mentone, har da kotu da shugaban 'yan sanda na zaɓe.

Zainab: Tsaya. Wa ke biyansu albashi? Mu nan ƙaramar hukuma kason Abuja take jira duk wata.

Habu: Su harajin kadara suke karɓa, kuma ƙarƙashin wannan fakon mai ne danƙare, domin cikin yankin Permian take, wanda ya shahara da haƙar mai. Rijiyoyin mai da bututu duk ana biya musu haraji. Da rana ki ga manyan motoci bi da bi, ma'aikata ko'ina, amma ba mazauna ba ne, ƙidaya ba ta sa su a lissafin gundumar.

Zainab: Kenan ƙuri'a goma ma sai ta kayar da mutum.

Habu: Sosai. Shi ya sa duk zaɓe rigimar ɗaya ce: wane ne ɗan gari na gaskiya, wane ne ya ajiye ɗan ɗaki kawai don ya yi rajista.

Zainab: Ashe su ma suna yi. Bari mu sha ruwa mu dawo.